Ranar da Na Sa Ardo Tonon Waya

Ba za ni taɓa mantawa da Talatar nan ba, cikin shekarar da damina ta tsaya gero bai ko kai gwiwa ba. Lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai kula da wata cibiyar dabbobi a hanyar Isa zuwa Tozai. Gini ne guda, da ɗakin sanyi na ajiye allurar rigakafin shanu, da burtsatse mai aiki da sola. Tafkuna duk sun ƙafe, don haka har daga Burkusuma ake koro shanu su sha a wurin.

Akwatuna ne ke tafiyar da ginin. Ɗaya na kula da famfo, ɗaya na ɗakin sanyi, sai babban da ke ofis mai allo, wanda ke ba su umarni ta waya guda da aka binne a ƙasa. Kowane akwati da lambarsa, da ita babban ke kiransa. Kwas na mako uku na yi a kansu, amma a gida Sabon Birni Injiniya ake ce mini (ban taɓa gyara wa kowa ba).

Da safen nan na canza akwatin ɗakin sanyi da sabo. Na ga fitila ta kama, na rufe, na hau babur na tafi Isa cin masa. Tanki cike yake, shi ya sa ba wanda ya lura da komai.

Da azahar mai gadin cibiyar ya kira ni. Da na iso, tanki ya ƙare, famfo bai tashi ba, allo ya yi ja yana cewa ba ya jin akwatuna biyu. Ɗakin sanyi ya fara ɗumi. A waje kuwa shanu ne iya ganin ido, haƙarƙari a fili, suna kuka a bakin kwamin shan ruwa. Masu su na tsaye da sanduna, duk sun zuba mini ido. Kallon nan ya fi ba ni tsoro.

Ardo Julɗe, dattijon da ke shugabantar makiyayan, ya matso. "Injiniya, mi ya hwaru? Kwana biyu muka yi bisa hanya. In ba su sha ba yau, wasu ba su tashi."

Na koma kan akwatunan. Na auna wuta, lafiya. Na ƙara ɗaure kusoshi, na juya bakin waya, na mayar. Na kashe komai na kunna har sau uku. Ina ta lissafin yadda labari zai kai Unguwar Lalle gidan surukaina: ga wanda ya kashe garken mutane da ƙishirwa.

Tsoro ne ya sa bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ɓera ne ya ci waya a ƙasa. Sai an tona."

Ardo bai yi musu ba. Ya tuɓe riga, ya karɓi diga, mutanensa suka bi. Ƙasar fari kamar dutse take. Dattawa sa'annin babana suna haƙa cikin rana, ni ina tsaye ina nuna musu hanya da ƙafa (har da cewa su yi a hankali). Sai la'asar suka kai ƙarshen ramin. Waya ta fito sumul, ko ƙwarzane babu. A daidai lokacin wata saniya ta durƙusa, ta kasa miƙewa.

Dole na kira Injiniya Hadiza, shugabata a Sakkwato, wadda tun rana nake gudun kira. Wayata ta lalace, ba a ji sai an sa a sifika, don haka kowa ya saurara.

"Lamba nawa ka ba sabon akwatin?" in ji ta.

Na hau kame-kame, ta katse ni.

"Ka saita lambar kuwa? Da lamba biyu suke zuwa daga kamfani, kuma biyu ta famfo ce. Babban na kiran akwati guda, akwatuna biyu na amsawa tare, ba ya gane ko guda."

Na buɗe murfi. Biyu. Da farcena na tura ɗan maɓallin zuwa uku. Kafin in miƙe allo ya koma kore, famfo ya yi gurnani, ruwa ya fara zuba.

Aka yi ta kan saniyar, aka jiƙa mata baki har ta tashi. Allurar ma ba ta kai ga lalacewa ba. Ni dai na so ramin nan ya haɗiye ni. Ardo ya zo yana share gumi, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ashe ɓeran bisa babur ya zo," ya ce, ya miƙo mini shebur.

Ni kaɗai na cike ramin, mata masu ɗiban ruwa na kallo suna rufe baki da gyale.

Tun daga ranar, in abu ya lalace, tambayata ta farko ita ce wa ya taɓa shi ƙarshe. Abin takaici, sau da yawa ba na buƙatar tambayar kowa.