Yadda Ake Zama Sarkin Kaskon Kumandan Cikin Kwana Biyu

Kai da gardi, dogarin gwamnati, ya tsinto a bakin gona don ɗaukar kayan Nasara, share hawayenka. Ga hanyar da za ka yi rangadi wuyanka bai sage ba, kana jin ɗumi 'yan'uwanka na kaɗa haƙora. An jarraba ta a kan Illa na Durum, kuma ta ci, har ta zarce yadda ya so.

Mataki na ɗaya: Kada ka saurari matarka

Ranar da gardi ya zo neman mutum goma su kai kayan Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, zuwa Takeita, dawar Illa na kwance a gona, an yanke ba a ɗaure ba. Saura kwana bakwai a saki shanun Fulani cikin gonaki. Cin gidansa na shekara ke nan a ƙasa.

Balki matarsa ta bi shi har bakin zaure. "Malam, kwana biyu ne kawai. Abin da aka ɗora maka ɗauki, ka kama bakinka, ka dawo mu kwashe dawa."

Ji shawarar banza! Mai basira kamarka ya yi shiru a gaban jama'a?

Mataki na biyu: Zaɓi kaya kafin kaya su zaɓe ka

Za ka tarar an jere akwatuna, da tanti, da wani bahon ƙarfe da Kumandan ke wanka a ciki. Bar wa marasa wayo. Suma'ila maƙwabcin Illa aka kife wa bahon nan a kai, ya tafi yana laluben hanya.

Kai duba gefe. Akwai ɗan kaskon ƙarfe mai ƙafa uku, na girki da jin ɗumi, ko akuya ta iya ɗauka. Illa ya yi tsalle ya dafe shi, ya ce wa tafinta, "Ranka ya daɗe, gaya wa Kumandan wuta gadon gidanmu ce. Kakana ya riƙe kaskon fada a Birni shekara talatin."

Kakan Illa majemi ne, fadar ma warinsa bai bari ya matsa kusa ba. Amma wa zai tono shi ya tambaya?

Mataki na uku: Nuna gwaninta fiye da yadda aka nema

Zuba rairayi a gindin kasko, ɗebo garwashi daga murhun gida, lulluɓe da toka, ɗora a kan gammo. Duk tsohuwar da ta taɓa ɗebo wuta a maƙwabta ta san wannan. Kumandan ne kaɗai bai sani ba, shi kuwa ake so ya gani.

Da aka yi zango da la'asar sakaliya, kuku na ta fama da ashanar da iska ke kashewa. Illa ya matso a hankali, ya kau da toka da tsinke, ya watsa gawayin ƙirya, ya hura sau uku. Wuta ta tashi. Kumandan ya cire tabarau ya leƙa cikin kaskon, ya ce, "Tarebiyan!"

Illa bai san ma'anarta ba, amma daɗi ya kusa kashe shi.

Mataki na huɗu: Manta da mutanen garinku

Gasa zabon Kumandan, ɗora masa ruwan kafe, wato gahawarsa, sannan ka tura kaskon dab da ƙafafunsa ka tsuguna a gefe. Ɗumin da ya yi saura naka ne. Wannan shi ake kira muƙami.

Da asuba sanyi ya sauko sosai. Suma'ila ya rarrafo, wuya a karkace, ya ce, "Illa, don Allah ɗan garwashi ɗaya, yatsuna sun ƙage."

A nan ake gane babban ma'aikaci. Illa ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Wutar gwamnati ce, Suma'ila. Wa ya isa ya taɓa?"

Mataki na biyar: Karɓi sakamakonka

Ga abin da ba a gaya maka tun farko: a kowane babban zango ake canza 'yan dako. A Takeita aka sauke mutanen Durum, aka kamo sababbi. Akwati kowane wuya ya iya ɗauka, baho ma haka. Illa ya dire kaskonsa, ya karkaɗe riga, zuciyarsa tuni tana gona.

Tafinta ya ce, "Kai ina zuwa? Kumandan ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai ga mai hannunka ba. Da kai za a wuce Tanut, daga can Agadas."

Illa ya ce, "Wallahi ƙarya na yi! Kakana majemi ne, a tambayi kowa!"

"Ya ce har tawali'u gare ka. Ɗauki kasko."

Illa ya bi Suma'ila da gudu, ya kama gefen rigarsa, idonsa ya cika da ƙwalla. "Ɗan'uwa, saura kwana biyar a saki shanu. Ka taimaki Balki ku ɗaure mini dawar nan."

Suma'ila ya murza wuyansa, ya dube shi sama da ƙasa. "Dawar ma'aikacin gwamnati? Wa ya isa ya taɓa?"

Mataki na shida: Koma gida da ɗaukaka

Bayan wata biyu Illa ya dawo, gashin tsakiyar kansa ya ƙone, ƙafa duk faso. Balki ita kaɗai dami shida ta iya jawowa gida, su ma sun ƙare. Sauran dawar kuwa, shanu sun yi walima da ita, suka bar masa kashi cike da gona, wanda in ya bushe yana ci da wuta sosai.

Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta tura masa murhu da ƙafa. "Sannu da zuwa, Sarkin Kasko. Hura mana irin ta Kumandan. Abin ɗorawa a kai ne dai babu."

A kula: Mai wannan bayani alkawarin ɗumi ya yi maka, bai yi na tuwo ba. In kanka ya toye, ko maƙwabci ya daina amsa sallamarka, ko rumbunka ya zama ɗakin kwanan kaji, kada ka zo ƙofata. Kai ƙara wurin Kumandan, na ji har yanzu yana cigiyar mai hura wuta.