Yadda Za Ka Zaɓi Mata a Riyad da Shawarar Mataccen Bature

Kai gwauro, matso kusa. Na yi maka alkawari hanyar nan ba ta kuskure. Tamimu, direba a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ya bi ta sau da ƙafa.

1. Nemo malami
Kada ka tambayi mahaifiyarka ko limami, sun san halinka. Tamimu a kwalin tarkacen da maigidansa ya ce a zubar ya tsinci nasa malamin: wani Bature mai saje, ɗan zamanin Sarauniya Biktoriya, da ya rubuta littafin zaɓen matar aure. Ko a garinsu ba mai tuna sunansa, alamar zurfin ilimi ke nan.

2. Ɓata ganin farko
Alhaji Basiru mai gareji a unguwar Sulay ya bari Tamimu ya ga 'yarsa Hindatu a falo. Yarinya mai hankali, kuma ta nuna tana so. Kai ma in ka sami irin wannan dama, yi tambayar da Bature ya ce: ta iya hura gawayi ta ɗumama ɗaki?

"Malam, zafi ke kashe mu," in ji Hindatu. "Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, nake kunnawa."

3. Jira taɓo
Bature ya ce halin mace ba ya fitowa sai an ga yadda take tsallake taɓo bayan ruwan sama.

"Tamimu, yaushe za ka turo magabatanka?" in ji Alhaji.

"Baba, sai an yi ruwa."



4. Dage
Leƙa sama kowace safiya. In ta turo saƙo, share. Tamimu yana son ta, wallahi, har ya rame, amma wace ce ita a gaban littafi?

5. In hadari ya haɗo, buga waya
Watanni sun shuɗe kafin ruwa ya sauko. Tamimu ya kira Alhaji.

"Baba, an yi ruwa, ina nan tafe."

"Mun gani, ya jiƙa 'yan ɗaurin auren Hindatu sharkaf. Angon, Kamil, har bakin ƙofa ya kawo mata mota. Ƙafarta ko ƙasa ba ta taɓa ba."

Gargaɗi
Duk abin da ya same ka, ba ruwana. Kai ƙararka wurin Baturen, in ka sami wanda ya san kabarinsa.