Rijiya Lau

Shekarar da wani Nasara mutumin Ingila ya sauka a gidan maƙwabcinmu cikin Birni, ni baduku na naɗa kaina tafintansa. Kalma ɗaya na sani a harshensa. Ya taɓa nuna rijiyar unguwa ya ce "wel", na riƙe, har tafiyata ta sake.

Da zazzaɓi ya kwantar da shi, matata Hajara ta dama kunun tsamiya na kai masa. Ya kurɓa, ya dafa ƙirji yana murmushi: "Wel, wel."

"Rijiya yake so," na shaida wa 'yan dubiya. "Har nanatawa ya yi."

Muka cicciɓi bawan Allah a tabarma da tsakar rana, yana ta faɗin "wel", ina ta cewa a ɗaga ƙafa. A bakin rijiya wani Balarabe da ke masa rakiya ya cim mana yana haki. Ya ce a harshen Nasara kalmar rijiya ce, kuma ita ce lafiya. Mutumin cewa yake ya ji sauƙi.

Ya warke, ya bi ayari. Yau duk mun yi furfura, amma kullum da safe in na ce, "Kin tashi lafiya?" sai Hajara ta ajiye mini koko, ta russuna cikin ladabi: "Rijiya lau, Malam."