Mun Je Neman Chef a Bukit Bintang

Jiya na ci wanka, na zura babbar rigar Juma'a, na bar unguwarmu ta Setapak da niyyar ganin Mai Girma. Ya zo daga gida ne duba halin da ɗalibai ke ciki, kuma Allah ya saka masa, tun da ya sauka yake ta neman mu a kantunan Bukit Bintang. Ni kuwa bizata ƙarshen wata za ta ƙare. In bai sa hannu an ƙara mini lokaci ba, sai in kwashi matata Hureira da yara mu koma Kano ba digiri.

Maƙwabcina Kalilu, ɗan Damagaram, shi ya raka ni. Muka ji Mai Girma na wani gidan abincin Larabawa. Kalilu ya tari yarinyar da ke ƙofa da Turancinsa mai warin Faransanci, ya ce wurin chef muka zo.

"Boleh, boleh," in ji ta, wato ba matsala. Ta ratsa da mu, sai ga mu a kicin, gaban wani ɗan Yaman yana gumi da ludayi a hannu.

Na ce, "Kalilu, me ka faɗa mata?"

"Chef mana, shugaba! A wajenmu ko shugaban ƙasa chef ne."

"To a nan kuku ake nufi!"

Maimakon mu juya, sai bawan Allahn nan ya tsaya ba ni darasi. Wai asalin kalmar Latin ne, ma'anarta kai. Mutanen Ingila suka are ta sau biyu: da fari ta zama chief, wato babba, daga baya suka sake ɗauko ta suka ba shugaban madafa shi kaɗai. Kafin ya dire, Mai Girma ya share faranti ya shige mota. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Kukun ya tambayi abin da ya faru. Na zayyana masa, ya saurara har ƙarshe bai ko kalli agogo ba, sannan ya yi mana tapau, wato ƙunshin tafiya gida, na shinkafa da naman rago. Ni dai ban ga laifin mutanen Ingila ba. Sun duba manya kaf, suka ba wanda ke tsayuwa gaban wuta don wasu su ci.

Hureira ta cinye shinkafar, ta ce yau ce rana ta farko da na je wurin babba na dawo da abu a hannu. Sannan ta jawo akwatinmu daga ƙarƙashin gado ta fara kakkaɓe shi.