Tsiron Dawar Kaka Kubili

A shekarar 1961 na fara ganin kakata, ina da shekara ashirin da shida. Mahaifiyata ta rasu kwana tara bayan haihuwata a ƙauyenmu na kudancin Borno. Da yake babu mai shayarwa a gidan, Kaka Kubili ce ta goya ni ta kai ni gidan marayu na Mishan, tafiyar yini biyu a ƙafa. Can na girma, can na yi makaranta, daga can aka turo ni Maiduguri aikin akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa. Ban san fuskarta ba sai wata Asabar cikin Nuwamba, bayan wani ɗan garinmu ya faɗa mata inda nake. Ta sauko daga bayan babbar mota da ƙunshi a ka, ta dube ni daga takalmi har gashi, ta ce ashe mijin da ta daɗe tana jira ƙafafun shamuwa gare shi. Ni kuma na ce amaryar da aka aiko mini an manta da haƙoranta a mota. Haka muka fara, ba mu kuma daina ba har ta bar duniya.

A lokacin ina hayar ɗaki biyu a Hausari, a ɓangaren waje na gidan Ya Falmata, wata dattijuwa Babarbariya da ba a raba ta da carbi. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini ranar da na shiga: kada giya ta tsallaka ƙofar gidanta. Wannan bai dame ni ba, don ban taɓa sa ta a baki ba.

Kirsimetin shekarar kuwa ba kamar sauran ba ne. Ina neman auren Rose, 'yar Baba Malgwi, dattijon ikilisiyarmu, kuma ya ce ranar Kirsimeti bayan sujada zai zo da dattawa biyu su ci abinci a wurina, a nan zai ba ni amsa. Baba Malgwi shi ne ya zaunar da wani kafinta a bencin baya na coci wata shida saboda ƙwaryar giya guda. Saboda haka na shafe ɗakunan da farar ƙasa, na sayo ɗan akuya a Kasuwar Shanu na ɗaure a gindin dogon yaro, na kawo banda daga hanyar Baga, na ajiye rabin buhun dawa don tuwo.

Ranar Talata, sha tara ga Disamba, na dawo daga aiki da ƙarfe biyu da rabi na tarar da Kaka tana tsinke barkono a inuwa.

"Sannu da gida, amarya."

"Sannu da yawo, maigida. Yau ma takarda ka je ka ci, ko sun ba ka abinci?"

"Na ci ta da miya. Wane warin danshi ne wannan?"

"Ƙafafunka ne. Tun safe suke kulle cikin fata."

Na bi warin zuwa bayan ɗaki. Wani jiƙaƙƙen buhu ne shimfiɗe a kan tabarma. Da na ɗaga, sai ga dawata ta kumbura, kowace ƙwaya ta fitar da farin tsiro kamar gemun tsoho. Jakata ta faɗi daga hannuna. A makaranta abu ɗaya tak aka koya mana game da dawar da aka jiƙa ta tsira: ita ce matakin farko na giya.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Yau kuma Kaka? Ka sake ni ke nan babu shaidu?"

"Dawar tuwon Kirsimeti kika jiƙa."

"Kwano huɗu kawai. Biki za ka yi ko zaman makoki? A garinmu ba a tarar manyan baƙi da ruwan rijiya."

"Kin san wanda zai zo gidan nan ran Litinin?"

"Malgwi? Na san shi tun yana yawo babu wando. A gindin tukunyata uwarsa ta yaye shi."

Na zauna a kan turmi. Na bayyana mata komai dalla-dalla: kafinta da bencin baya, sharaɗin Ya Falmata, da shekara biyun da na yi ina gaida Baba Malgwi a tsugune. Ta saurara tana tsinke barkononta, ta ce idan wannan ne karatun da na yi, gara da an bar ni na yi kiwon awaki. Sai na tambaye ta kai tsaye ko giya za ta yi.

"Kai ne mai ilimi. An ce ka karanta littafin da ya fi tubali kauri. Duba ciki."

"Zan zuba wa akuya."

"Zuba masa. Ku ci naman da ya mutu yana waƙa."

"Ke dai tsohuwar nan ba ki zo da alheri ba. Ina kike lokacin da nake shan madarar gwangwani a hannun Baturiya? Ko ludayin kunu ɗaya ba ki taɓa ba ni ba, sai yau za ki shayar da surukina abin da zai raba ni da mata."

Da wasa na faɗa, kamar yadda muka saba. Amma wannan karon ba ta rama ba. Hannunta ya tsaya a cikin faifan barkono na ɗan lokaci. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, idan na taɓa ƙwaya ɗaya a tabarmar nan, gobe za ta hau motar da ta kawo ta. Wata guda kacal da samun ta. Na mayar da buhun yadda na same shi.

Ran Laraba ta shanya tsiron a rana. Ran Alhamis na yi shawarar in je in faɗa wa Ya Falmata da kaina kafin ta gani, ko ita za ta tsawatar. Ina tsaye a bakin zaure ina shirya kalmomi, sai ga Ya Falmata ta fito, carbi a hannun dama, wata ƙatuwar tukunya rungume a hagu.

"Wushe, sannu, Malam Dzarma. Tsohuwarka ta iya abu. Ita za ta yi a wannan. Na ce a ajiye mini ƙwarya biyu, sanyin nan sai da shi."

Na kauce na ba ta hanya. Ina kallo ita da Kaka suka kwashe busasshen tsiron, suka shige da shi cikin gida, inda namiji ɗan haya ba ya taka ƙafa. Ta bayan katanga na riƙa jin dutsen niƙa yana tafiya, da dariyar tsofaffi biyu da ba su da yare ɗaya sai guntun Hausa.

Ran Asabar na karɓo wa Kaka sabon zane daga wurin tela, na haɗa da kallabi, na ajiye a gabanta kamar mai kai gaisuwa fada.

"Amarya, ga kayan biki. Zan kuma sayo lemon kwalba, in dafa shayi da madara. Ba sai kin wahala ba."

"Ruwan nan mai gyatsa a kwalba? Shi za ka ba Malgwi? Ya koma gida ya ce surukinsa ya cika masa ciki da iska?"

"Ya fi ya koma gida yana tangaɗi."

"Tangaɗi kaɗai? Ƙoƙo ɗaya zai sha ya cire hula. A na biyu zai tuna waƙoƙin uwarsa. A na uku kai da kanka za ka roƙe shi ya bar maka kujera."

"In haka ta faru, na sake ki saki uku."

"Wa zai kwashe ka? Da wannan wuyan naka kamar maburgi?"

Ta karɓi zanen, ta ce launin bai dace da ita ba amma za ta ɗaura don kada a ce mijinta matsiyaci ne. Ran Lahadi bayan sujada na ja Rose gefe na faɗa mata. Ta riƙe baki da hannu biyu, ta ce idan babanta ya ji warin abin nan ko zama ba zai yi ba, kuma ba ya sake maganar da ya rufe.

Ranar Kirsimeti da safe maƙwabcinmu Malam Abdulsalami ya zo ya yanka akuyar, kamar yadda muke yi domin maƙwabta su ci tare da mu. Na rera waƙoƙin sujada ban san abin da nake rerawa ba. Ƙarfe ɗaya da kwata baƙi suka iso. Suka zauna a sabuwar tabarma, suka ci tuwo da miyar kuka da banda, suka ci nama. Babu alamar tukunya. Na fara numfashi, ina cewa a raina tsohuwa ta ji tausayina. Baba Malgwi ya wanke hannu, ya gyara murya, ya ce, "To, Dzarma, game da maganar da ta tara mu..."

Daidai nan Kaka ta fito daga zaure cikin sabon zanenta, tukunya a ka rufe da faifai, ƙoƙuna a hannu. Ta sauke ta a tsakiyar tabarma. Ta ɗaga faifan. Abin ciki ja-ja ne, mai kauri. Dattawan nan uku suka dubi tukunya, suka dubi juna, suka dube ni.

Ta ce a al'adar garinmu maigida ke fara sha kafin baƙi. Ba ta ɗauki ƙoƙo ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙaramin ludayi, bai fi tsawon yatsa biyu ba, ya yi baƙi don tsufa. Ta ɗebo, ta miƙo shi saitin bakina kamar ana ba jariri.

"Amarya, ki rufa mini asiri," na ce da ita ƙasa-ƙasa.

"Buɗe baki."

"Kaka."

"Na daɗe ina jira. Buɗe."

Idan na kau da kai, na kunyata ta a gaban mutanen garinta. Idan na sha, Baba Malgwi yana zaune taku biyu daga wurina. Na rufe ido na buɗe baki.

Ɗumi na fara ji, sannan zaƙi, sannan yajin citta da kanumfari. Na haɗiye ina jiran ɗaci ko tsami su biyo baya. Babu. Kunu ne. Kunun zaƙi, wanda aka dama da safiyar ranar.

Da na buɗe ido, kafaɗun Baba Malgwi suna girgiza. Ashe tun da aka ɗaga faifai su ukun suka gane ko mene ne, fuskata ce ta sa suka yi shiru su ga ƙarshen abin. Ya tambaye ni me na zata, na faɗa masa gaskiya, har da akuyar da na so in ba tsiron. Ɗaya daga cikin dattawan ya yi dariya har ya ƙware. Baba Malgwi ya ce ashe Mishan ta koya mana ƙasashen duniya ba ta koya mana cewa tsiron dawa shi ke sa wa kunu zaƙi ba. Giya sai an dafa, an bari ta yi tsami, an sake dafawa, ta kwana tana tashi, wannan kuwa ko jinjiri zai sha. Ya sha ƙoƙo ɗaya ya cire hula, don zufa. A na biyu ya ce rabonsa da irin wannan tun mahaifiyarsa tana da rai, yana kallon cikin ƙoƙon. Kaka ta dube ni ta ɗaga yatsu biyu.

Bai kai ga na uku ba ya ba ni amsa. Ya ce ya ga yadda na buɗe baki ga abin da nake tsoro don kada tsohuwa ta ji kunya, wannan ya ishe shi. In turo manyana bayan sabuwar shekara. Kaka ta ce manyan nawa ga su zaune, ita ce, kuma sai ta yi shawara ko za ta ba da aron mijinta.

Da la'asar, bayan an kai wa Ya Falmata ƙwaryarta biyu an raba nama ga maƙwabta, na sami Kaka a gindin dogon yaro tana goge ɗan ludayin da bakin zane.

"Kwana shida kina kallona ina ramewa."

"Da ma ba ka da naman da za ka rasa."

"Da kin ce mini kunu ne."

"Da ka tambayi ko wace yarinya a layin nan, da ta faɗa maka. Amma kai akawu ne."

Na yi dariya, na ce ta ci ni, na janye sakin. Sannan na tambaye ta ina ta samo ludayin 'yar tsana. Ta juya shi a tafin hannunta. Ta ce makon da aka haife ni ta fafe shi daga ɗan duma, don ta ba ni kunu idan na isa sha. A hanyar Mishan ruwa kawai ta riƙa ɗiga mini da shi, yini biyu, ina kuka har muryata ta dushe. Da suka karɓe ni ta miƙa wa Baturiyar ludayin, aka ce suna da nasu na ƙarfe. Ta koma gida da shi a bakin zane.

Ta kama hannuna ta sa shi a ciki, ta naɗe yatsuna a kai.

"Ga shi, riƙe. Ka sha kununka yau. Kada in sake jin kana yawo a gari kana cewa matarka ba ta taɓa dama maka ba."