Hannun Ɗantala a Aljihu

Tun da aka raba goron sa ranar Ɗantala matan layinmu suka ishe ni da tambaya ɗaya: wai me ya sa yanzu nake ɗaukar niƙata in wuce injin Alhaji Mamuda da ke bakin layi, in tafi har bayan kasuwa cikin rana, alhali yanzu ne ma za mu zama surukai? Bakina ya gaji da maimaitawa. Ga yadda aka yi, kowa ta karanta ta huta, ni ma in huta.

Ɗantala ɗana ne na fari, don haka ba za ku ji sunansa na yanka a bakina ba. Shekararsa ashirin da tara. Ya yi karatun gyaran lantarki a nan Kaduna, ya karɓo takarda mai tambari, takardar ta shiga akwatina ƙarƙashin atamfofi ta kwanta lafiya. Abin da ya ga ya dace ya yi da rayuwarsa shi ne ya shige ɗakin zaure da wasu na'urori biyu, ya toshe kunnuwa, ya yi ta gyaɗa kai kamar wanda ake yi wa nasiha yana yarda da komai.

Ɗaya na'urar tana da maɓallan roba goma sha shida, huɗu-huɗu a jere, sak tandar waina. Tanda nake ce mata. Aikinta haɗiye sauti. In ka buga kwano a gabanta sai ta adana, duk sanda ka taɓa ramin da ta ajiye shi sai ta amayo maka. Ɗayar doguwa ce, da 'yan fitilu da ke bin juna a guje. Ita ce ke faɗa wa kowane sauti lokacin da zai shigo da lokacin da zai yi shiru, shi ya sa na sa mata ɗan kamasho. Akwai wata waya da ta haɗa su, wai don kada ɗaya ta riga ɗaya. Ko 'ya'yan da na haifa ban samu wayar da za ta yi musu wannan ba.

Babu abin da yaron nan bai ɗura wa tanda ba. Dakan turmina yana ciki. Ƙarar jarkokin mai ruwa tana ciki. Murfin tukunyata da ya faɗi yana ta juyi a tsakar gida, maimakon ya ɗauke mini, roƙona ya yi in sake yar da shi sau uku don bai kama da kyau ba. Har injin niƙan Alhaji Mamuda sai da ya je ya tsaya a bayan katanga ya ɗauko gurnaninsa. Sai ya zauna ya yanka kowanne ƙanana-ƙanana, ya jera, ya warware, ya sake jerawa. An gayyace shi wani babban ɗakin taro a cikin gari ranar Asabar, zai yi wasa na minti arba'in a gaban mutane, shi kaɗai da na'urorinsa. Sati uku ya yi yana shirin minti arba'in. Ya lilliƙa farin salatif a jikin tanda ya rubuta turmi, jarka, murfi, inji. Kullum damuwarsa yadda zai fita daga wannan sauti ya shiga wancan ba tare da an ji gaɓa ba. Damuwata ni daban ce.

Akwai yarinyar da yake nema, Suwaiba, malamar firamare, mai hankali da ladabi, irin wadda uwa ke gani ta ce Allah ya sa da rabonmu. Shekara biyu suna tare. Matsalar ɗaya ce, kuma duk unguwa an sani: gidansu ba sa ba makaɗi 'ya. Mu ma ba mu gaji kiɗa ba. Malam, mahaifinsa, a masaƙa ya yi aiki har aka rufe ta, kakansa kuwa fatauci ya yi. Shi ya sa da mahaifiyar Suwaiba ta tambaye ni sana'arsa na ce injiniya ne, na ɓangaren sauti. Ban yi ƙarya ba. Kaɗan na rage.

Ana nan sai masu taron suka liƙa hotonsa a duk wani bango da ke tsakanin nan da kasuwa, ga shi ya sunkuya kan tanda, yatsu a baje. Ɗaya hoton kuwa, don tsabar ƙauna, a jikin ƙofar injin Alhaji Mamuda aka manna shi. Shi Alhaji Mamuda yayan mahaifin Suwaiba ne, shi ne waliyyinta, abin da ya ce shi ake yi. Ranar Litinin ya aiko wa Malam cewa ranar Alhamis bayan la'asar zai zo ya ga wannan injiniyanci da idonsa. In kiɗa ne, a bar maganar tun ba a ɓata zumunci ba.

Daga jin saƙon nan, abinci ya daina shiga cikina. Na je aka gwada jinina, mai gwajin ta kalli abin ta kalle ni ta sake gwadawa. Da na dawo na leƙa ɗakin zaure, na tsaya na kalli yaron nan da idon Alhaji Mamuda. Me zan gani? Yatsu suna zuba kan tanda kamar mai kalangu a gidan biki, kafaɗa tana rawa, ƙafa tana dukan ƙasa. In wannan ba makaɗi ba ne, to ni ma ban taɓa ganin makaɗi ba.

Na zare abin kunnensa na ce ranar Alhamis ban yarda ko ɗan yatsa ɗaya ya taɓa tandar nan ba. Ya fara yi mini bayani, wai ai wasan ke nan, shi ne zai riƙa shigo da turmi ya fitar da jarka, ya murɗa nan ya rage can, ya kalli mutane ya san inda zai ja da inda zai sassauta. Wai in ya bar su su kaɗai, abu ɗaya za su yi ta maimaitawa.

Na ce, "Su maimaita har a tashi duniya. Suwaiba kake so ko murɗa?"

Ya dubi tanda. Can ya ce akwai yadda zai jera komai a cikin ɗan kamasho tun daga farko har ƙarshe, ya danna sau ɗaya abin ya yi ta tafiya da kansa, amma wannan ba wasa ba ne, rediyo ne. Na ce madalla, rediyo ba ta taɓa hana kowa aure ba. Kwana biyu ya ɓata yana wannan jeri, kwanakin da ya ware don gwajin Asabar, yana yi yana tsaki a hankali don kada in ji. Na ji.

Ni ma ban zauna ba. Na fito da takardar lantarki daga akwati na rataye a bango. Na aro sukundireba da filaya a wurin maƙwabci na shimfiɗa a kan tebur. Na ɗauke bokiti da ƙwarya da duk wani abu mai ciki da za a iya bugawa. Na ɓare salatif ɗin da ya rubuta turmi da murfi, don ban taɓa jin injiniyan turmi ba. Na goge masa farar shadda, na soke biro biyu a aljihun gaba. Na ce da zarar ya danna, hannu biyu su shige aljihu, kada su fito sai an yi sallama. Kansa ma ya tsaya cak, ban da gyaɗawa.

Malam ya ce da na bar yaro ya nuna abin da yake yi tsakani da Allah, in an ba shi an ba shi. Na ce to shi sai ya shirya maganar da zai kare shi da ita. Ya ce in sha Allahu. Na san wannan in sha Allahun, shekara talatin ina zaune da ita.

Alhamis bayan la'asar sai ga Alhaji Mamuda cikin babbar riga, turare yana tashi, amma garin niƙa bai gama fita daga girarsa ba. Wanda bai san shi ba, shi ne mutumin da tun ina amarya nake tarar da shi a kan benci ɗaya a gefen injinsa: ya tayar da inji, ya juye hatsi, ya ɗan murɗa wani ƙarfe, ya koma ya rungumi rediyonsa. A haka ya yi gida, ya je Makka, ya ajiye mata uku. Aka shimfiɗa masa darduma, Malam ya zauna gefe. Ni kuwa bisa al'ada bai kamata a ga ko inuwata a maganar auren ɗan fari ba. Shi ya sa na ɗauko kujerar tsugunne na zauna a bayan labulen ƙofar ciki, inda ba a ganin inuwa.

Bayan gaisuwa Alhaji ya dubi ɗaki sama da ƙasa, ya tambaya ina gangar. Ɗantala ya ce babu. Kalangu fa? Babu. Gurmi, garaya, ko da goge? Babu ko ɗaya, Baba. Alhaji ya kalli takardar bango, ya ɗauki filaya ya juya ya ajiye. Na ji sanyi ya fara sauka a ƙirjina. Ya ce to a nuna masa aikin.

Ɗantala ya danna maɓalli ɗaya, ya zuba hannu a aljihu.

Fitilu suka fara gudu. Turmina ya shigo, dum, dum, dum. Jarka ta biyo baya, murfi ya riƙa wulgawa ta sama. Ba don ɗana ne ba, abin ya zauna. Ni kaina sai da na kama ƙafata da hannu. Ta ƙasan labule ina hango aljihun shaddarsa yana motsi kamar an saka ɓera a ciki, yatsun suna neman tanda, amma bai fito da su ba. Na ce a raina Allah ya yi maka albarka.

Can sai wani gurnani mai kauri ya taso daga ƙasa. Alhaji ya yamutsa fuska ya ce wannan mummunar ƙara kuma ta mece ce, kamar ana yanka tsohon raƙumi? Ɗantala ya sunkuyar da kai ya ce injinsa ne, ya ɗauko a bayan katanga. Alhaji ya ƙara kasa kunne, ya gyara zama, ya ce shi ya sa ya ji nan wurin ya fi ko'ina ma'ana.

Na ɗauka an gama. Har na fara tunanin kalar ankon da za mu fitar.

Minti biyar, minti bakwai, abu yana ta tafiya, yaro yana tsaye ƙiƙam kamar an kafa shi. Sai na ga Alhaji ya daina kallon na'ura ya koma kallon yaro. Ya dube shi daga hula har takalmi.

"To kai me kake yi?"

"Na riga na yi, Baba. Sati uku ina haɗawa."

"Ban tambaye ka sati uku ba. Yanzu, da nake zaune a nan."

Ɗantala ya saci kallon labule. Na girgiza masa kai, na manta ba ya ganina.

"Yanzu dai... tsaye nake, Baba."

Alhaji ya ce ai ya gani. Ya tambaya, ranar Asabar ma mutane za su bar gidajensu su zo su kalli wannan tsayuwar? In ya fita ya shiga kewaye, abin zai tsaya? Ɗantala ya ce ba zai tsaya ba. In ya yi tafiya Zariya ya dawo fa? Yaron nan, da gaskiyar da ya gado wurin ubansa, ya ce in dai akwai wuta ba zai tsaya ba.

Alhaji ya yi 'yar dariya ta hanci, ya juya wurin Malam. Ya ce, Malam Isiyaku, ya zo ne da tsoron kada ya tarar da makaɗi, ashe abin bai ma kai can ba. Makaɗi ko ba komai yana gumi, yana da kanta a hannu, in an tambaye shi sana'a zai ɗaga ganga ya nuna. Wannan kuwa biro biyu ne da aljihu biyu. Ya ce zai koma ya faɗa wa ƙaninsa abin da ya gani, kada a ce ya rage ko ya ƙara.

Na jira Malam ya fito da maganar da ya shirya. Malam ya yi gyaran murya, ya sa ido kan darduma yana bin zanenta da ɗan yatsa, kamar masaƙa ta aiko shi duba aiki. Ɗantala kuwa hannu na aljihu, saboda uwarsa ta ce kada su fito sai an yi sallama. Turmina yana ta daka a cikin sifika, ni kuma na ji kamar a kaina ake yi. Ni na ɗaure yaron nan da hannuna, na miƙa shi.

Alhaji ya miƙe, ya kaɗe babbar riga, ya nemi takalmi. A bakin ƙofa ya tsaya ya nuna tebur da carbi.

"Ni dai a ɗakin nan na ga mai sana'a guda ɗaya, ga shi can yana aiki tun ɗazu bai huta ba. In har sai mun ba da Suwaiba a gidan nan, to a ɗaura da injin."

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Kunyar ɗan fari da na riƙe shekara ashirin da tara, nan ta zame ta faɗi. Ban ɗaga labule ba, daga inda nake zaune na gaishe shi da kyau, na tambayi iyali, ya amsa a daƙile. Sannan na ce:

"Alhaji, shekara talatin ina kawo maka niƙa, ban taɓa ganin ka tauna mini ko ƙwayar dawa ɗaya ba. Amma mata uku aka ba ka, ban ji an ɗaura ko ɗaya da injin ba."