Buɗewar Zongo ta Alhaji Wada

"Duk Kwatano babu mai ɗaga mini soja a kan allo!" Haka Alhaji Wada mai tayoyi yake cika baki a Zongo.

Ka san lokacin da aka sake buɗe siyasa, kowa jam'iyya yake kafawa. Gogan naka kuwa ƙungiyar eshek ya kafa, wato darar Turawa, ya naɗa kansa farzida, shugaba ke nan. Har ya ƙirƙiro salon fara wasa, ya raɗa masa Buɗewar Zongo: a ture sojojin gefen sarki gaba, wai don sarki ya sha iska.

Ranar gasa da 'yan unguwar Akpakpa, ya yi alkawarin sauka daga kujera in aka ci shi. Munzali, gwanin Akpakpa, ya zauna. Kafin shayin Wada ya huce, sarauniyar Munzali ta biyo ƙofar shan iskar ta ritsa sarki, ba mafita, an ci Wada. Mat!

Washegari Wada, Sarkin Kuri, ya tara 'yan ƙungiya a rumfar Soumaïla direba.

"Ba a ci ni ba, kuskuren hannu ne. Ku zo mu yi bitar wasan. In ban nuna muku nasarata ba, ku tsige ni."

Ya jera fararensa, ya jera baƙaƙen Munzali, shi ke motsa duka.

"Da wannan sojan na fara turawa, sannan wancan..."

"Alhaji," in ji Soumaïla, "ai ga ƙofar nan a buɗe kamar jiya."

"To, da na fito da wawa." Haka suke kiran ɗan da ke tafiya a karkace.

"Wanne daga ciki? Na katako ko mai hula?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Wada ya fusata, ya naɗe hannun riga, ya zagaya ɓangaren baƙaƙe don ya nuna rauninsu. Wasa ya yi masa daɗi. Ya cinye doki, ya cinye wawa, gumi na zuba, ya manta na wa yake ci. Can ya doka baƙar sarauniya gaban farin sarki, ya yi tsalle.

"Mat! Kun gani? Wa ya isa?"

Soumaïla ya leƙa allo, ya dube shi.

"Alhaji, sauko hakanan. Jiya Munzali sai da ya biya kuɗin babur ɗin zemijan ya zo ya ci ka. Yau yana gida yana barci, ka ci masa kanka."